Jakin Ban-Ruwa: Me Josemaría Escrivá Yake Nufi da Tsarki a Bakin Aiki?

A kusa da ƙarshen wani ɗan littafi da aka buga a birnin Valencia na ƙasar Sifaniya a 1939, marubucin ya tsaya yana yabon jaki. Jakin ban-ruwa yake nufi, wanda masu lambu na can suke ɗaure wa sandar keken da ke ɗebo ruwa daga rijiya, ya wuni yana kewaya wuri guda. Taku ɗaya, zagaye ɗaya, yau kamar jiya. Marubucin ya sa wa naciyar wannan jaki albarka, domin a cewarsa ba don ita ba da 'ya'yan itace ba su nuna ba, da lambun bai yi kore shar ba, da furanni ba su yi ƙamshi ba. Sai ya ce wa mai karatu ya ɗauki wannan tunani ya shigar da shi cikin rayuwarsa ta ibada.

Idan Bahaushe ya ce wane yana aikin jaki, ba yabonsa yake yi ba. Shi kuwa wannan marubuci, Fada Josemaría Escrivá, limamin cocin Katolika, har kansa yakan kira jaki mai ƙazuwa. Ranar 6 ga Oktoba 2002 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi waliyyi a birnin Roma, washegari kuma ya kira shi waliyyin rayuwar yau da kullum. A cocin Katolika walittaka ba abin da jama'a ke laƙaba wa mutum da baki ba ce kawai: sai an yi bincike a kan rayuwarsa da rubuce-rubucensa, an kuma tabbatar da abin da cocin ya yarda mu'ujiza ce da ta faru bayan an roƙi Allah ta hanyarsa. Escrivá ya rasu ranar 26 ga Yunin 1975, ke nan shekara 27 kacal aka ɗauka, abin da ya sa wasu suka ce an yi gaggawa. Za mu dawo kan masu sukar. Tukuna, me mutumin ya koyar?

An haife shi ranar 9 ga Janairun 1902 a garin Barbastro da ke yankin Aragon. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne. Tsakanin 1910 da 1913 ƙannensa mata uku suka rasu ɗaya bayan ɗaya, daga nan kasuwancin uban ya karye, iyalin suka koma Logroño, inda mai kanti na jiya ya zama yaron kantin wani. Yaron da ya ga ubansa yana fita kullum da safe zuwa aikin da ya gaza matsayinsa, ba tare da ƙorafi ba, ba mamaki ya girma yana tunanin darajar aikin da ba wanda ke yabawa. An naɗa shi Fada a Zaragoza a watan Maris na 1925, ya koma Madrid a 1927 don zurfafa karatun lauya. A can ne, ranar 2 ga Oktoban 1928, yana cikin keɓewar ibada, ya ce Allah ya nuna masa abin da zai yi da rayuwarsa. Daga nan aka samu ƙungiyar Opus Dei, wato Aikin Allah da harshen Latin.

Kafin a gane abin da ya zo da shi, sai an san yadda mutanen zamaninsa suke kallon lamarin. A tunanin yawancin Katolika na wancan lokaci, neman tsarki hawa biyu ne. Wanda yake so ya kai ƙololuwa sai ya bar duniya, ya shiga gidan zuhudu ko ya zama Fada ko sista, ya ɗauki alkawarin talauci da rashin aure da biyayya. Sauran jama'a, manomi da likita da matar aure, nasu shi ne su kiyaye dokoki, su je coci ranar Lahadi, su yi fatan tsallakewa. Ba wai haka koyarwar cocin ta ce baƙi da fari ba, amma haka aka tashi aka tarar. Tun a 1609 Francis de Sales ya rubuta littafi yana cewa soja da mai sana'a da matar aure su ma za su iya ibada mai zurfi. Thérèse ta garin Lisieux a Faransa, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ta koyar da "ƙaramar hanya", wato yin ƙananan abubuwa da babbar ƙauna. Sai dai ita a cikin gidan zuhudu ta yi rayuwarta.

To ina sabon abin? Albino Luciani, wanda ya zama Paparoma John Paul na Ɗaya, ya rubuta wata maƙala a jarida a watan Yulin 1978, wata guda kafin a zaɓe shi, kuma a ganina shi ya fi kowa kama bakin zaren. Ya ce de Sales ya ɗauko hanyoyin ibadar masu zuhudu ne ya rage musu nauyi don mutanen gari su iya ɗauka, shi kuwa Escrivá cewa ya yi aikin da kansa ne zai zama addu'a. Bambancin ba ƙarami ba ne. A fahimtar farko, tela yana neman Allah duk da cewa ɗinki ya cinye masa lokaci. A ta biyu, keken ɗinkin nan shi ne wurin haɗuwarsa da Allah, kuma rigar da ya ɗinka tana cikin abin da zai miƙa.

Hujjojinsa daga Littafi Mai Tsarki suke, kuma ba su da yawa, sai dai ya yi ta nanata su har ƙarshen rayuwarsa. Ta farko tana cikin littafin Farawa, sura ta 2 aya ta 15, inda aka ce Allah ya sa mutum a gonar Adnin don ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Wannan ya zo kafin labarin saɓo a sura ta 3. Ke nan, in ji shi, aiki ba horo ba ne da aka yanke wa ɗan Adam saboda laifi. Gumi da wahalar da ke cikinsa ne suka biyo bayan saɓo, amma aikin kansa yana cikin dalilin halitta. Ta biyu ita ce rayuwar Yesu a Nazarat. Shekara wajen 30 yana zaune a ƙauye yana sana'ar hannu, har mutanen garinsu da suka ji yana wa'azi suka ce, ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne? Ga Kirista da ya gaskata cewa Yesu ya zo ceton duniya ne, tambayar Escrivá tana da nauyi: shin shekarun nan na sassaƙa zaman jira ne kawai kafin shekara uku na wa'azi, ko su ma suna cikin aikin ceton? Ya ce suna ciki. In kuwa haka ne, to babu wata halattacciyar sana'a da ta yi ƙanƙanta.

Littafin da aka fi saninsa da shi, wanda yabon jakin yake ciki, sunansa Camino, wato Hanya. Asalinsa wani ɗan ƙaramin littafi ne da ya fitar a garin Cuenca a 1934, ya faɗaɗa shi a Burgos a lokacin yaƙin basasar Sifaniya, bayan ya sha ɓuya a Madrid inda ake farautar limaman coci, ya kuma tsallaka duwatsun Pyrenees da ƙafa a ƙarshen 1937. Gajerun maganganu ne guda 999, kowace da lambarta. Wata layi ɗaya, wata sakin layi. Yawancinsu daga littafin ajiyar tunaninsa da wasiƙunsa da hirarsa da ɗaliban jami'a suka fito, shi ya sa yake magana da mai karatu kai tsaye, "kai", wani lokaci da lallami, sau da yawa da tsawa. An sayar da kwafi sama da miliyan 4 a harsuna fiye da 40. Bayan rasuwarsa aka fitar da wasu biyu masu irin wannan tsari: Surco a 1986, wato layin da garma ke yankawa a gona, da Forja a 1987, wato maƙera. Akwai kuma tarin wa'azozinsa guda biyu, na 1973 da na 1977, waɗanda a cikinsu ne ya fi zama ya yi bayani a tsanake.

Wanda ya buɗe Camino yana neman zurfin ilimin tauhidi zai sha mamaki. Maganganu ne irin na uban gida da yaransa. Lamba 335 ta ce awa guda na karatu, ga manzon wannan zamani, awa guda ne na addu'a. Lamba 359 ta ce ka sa wa aikinka na kullum manufa ta Allah, ka tsarkake shi ke nan. Lamba 815 ta tambaya ko da gaske kana son zama waliyyi, sai ta ba da amsa: sauke ƙaramin nauyin da ke kanka a kowane lokaci, ka yi abin da ya kamace ka, hankalinka kuma ya kasance a kan abin da kake yi. Akwai abin da ya kira "minti na jarumta", wato lokacin tashi daga barci: agogo na kaɗawa ka miƙe, ba juyi, ba "bari in ƙara kaɗan". Wadda ta fi burge ni ita ce lamba 174. Ta ce kada ka ce wane yana ƙona maka rai, ka ce wane yana tsarkake ka. Duk wanda ya taɓa zama ofis ɗaya da mai surutu ya san wannan ta fi azumin nafila wuya.

Musulmin da ke karanta wannan zai ce ai mun san zancen, niyya ce ke mai da al'ada ibada, kuma an hore mu da kyautata aiki. Kamannin yana nan. Inda hanya ta rabu shi ne tushe: Escrivá ya ɗaura komai a kan aƙidar cewa Kirista ɗan Allah ne ta hanyar baftisma, kuma aikinsa yana samun ƙima ne idan ya haɗa shi da hadayar Yesu da ake miƙawa a sujadar Mass. Yakan ce wa mabiyansa teburin aikinsu bagadi ne, wato wurin miƙa hadaya.

A nan ne ya kamata a dakata, domin a nan mutane suke yi masa gurguwar fahimta ta fuska biyu.

Ta farko ita ce a ɗauka kyakkyawar niyya ta wadatar. A wurinsa ba ta wadatar ba. Aikin dole ya yi kyau a ma'aunin sana'ar kanta. Akawun da ya yi addu'a da safe sannan ya cika lissafi da kurakurai bai tsarkake komai ba. Yakan kawo dokar littafin Firistoci na cikin Littafi Mai Tsarki da ta hana miƙa wa Allah dabba mai aibi, ya ce aikin ha'inci ko na jeka-na-yi-ka gurguwar tunkiya ce aka kai bagadi. Ya ba da labarin yadda a Burgos yakan hau hasumiyar babban cocin garin da samarin da suka zo wurinsa daga fagen daga, ya nuna musu sassaƙar dutse mai kama da saƙar leshi da magina suka yi can sama, inda mai tafiya a ƙasa ba zai taɓa gani ba. Waɗanda suka sassaƙa ta sun san ba idon mutum suke yi wa ba. Wannan ita ce koyarwar tasa gaba ɗaya a dunƙule, kuma ita ce ta ba ta haƙora. Ba ta bar wa mai ibada mafakar da ya saba fakewa a ciki ba, ta cewa shi na Allah ne, don haka a yi masa uzuri in ya makara ko ya ɓata aiki.

Ta biyu ita ce a ɗauka aiki ya maye gurbin addu'a. Lamba 82 ta jera su: addu'a farko, sai horon kai don neman gafara, sannan a matsayi na uku, can baya, aiki. Tsarin da ya shimfiɗa wa mabiyansa ba wasa ba ne: Mass kullum, rabin awa na addu'ar zuci da safe da wani rabin da yamma, jan carbin rosari, karatun Linjila, binciken kai kafin barci, da furta zunubi a gaban Fada kowane mako. Mutumin da ke da aiki da iyali, in ya ɗauki wannan, ba shi da sauran lokacin zaman majalisa.

Wa'azinsa da ya fi shahara ya yi shi ne ranar 8 ga Oktoban 1967 a filin Jami'ar Navarra da ke Pamplona, jami'ar da ya kafa a 1952. A fili aka yi sujadar, ba cikin ginin coci ba, ya kuma yi amfani da hakan. Ya ce akwai wani abu mai tsarki da ke ɓoye a cikin al'amuran da suka fi kowane zama na yau da kullum, kuma aikin kowa ne ya tono shi. Ya gargaɗe su da rayuwa biyu, ɗaya ta coci ɗaya ta kasuwa. Sannan ya yi wa wata cuta suna, abin da za mu iya kira sufancin "da ma": da ma ban yi aure ba, da ma ba wannan sana'ar nake yi ba, da ma ina da lafiya, da ma ina saurayi, da ma na tsufa. Kalmar Sifaniyanci da ya yi wasa da ita, ojalá, daga Larabci ta samo asali, daga furucin nan na jingina abu ga nufin Allah, gadon zaman Musulmi a Andalus. Tana kuma kama a kunne da kalmarsu ta gwangwani, ke nan sufancin gwangwani. Mai "da ma" kullum yana jiran wani yanayi dabam kafin ya fara zama mutumin kirki.

A lokacin nan cocin kansa ya riga ya iso inda yake. Babban taron Vatican na Biyu na shugabannin cocin Katolika, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya keɓe sura ta 5 ta takardarsa a kan ikilisiya don bayyana cewa kowane mai bi, ko wane ne shi, an kira shi zuwa tsarki. Abin da aka riƙa yi wa Escrivá kallon mai bidi'a a kansa a shekarun 1940 ya zama koyarwar hukuma. A 2018 Paparoma Francis ya sake ɗaga zancen, yana maganar waliyyan da ke maƙwabtaka da mu, iyayen da ke renon 'ya'ya da masu fita neman abin kai wa gida.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Littafin da ya ɗaukaka rayuwar mutanen gari shi ne kuma ya ce, a lamba 28, aure na ƙananan sojoji ne, ba na manyan hafsoshin Almasihu ba. Lambar da ke gabanta ta kira aure kiran Allah, abin da ba a saba ji ba a 1939, amma hawa biyun da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Lamba 946 ta ce mata ba sai sun zama masana ba, ya isa su zama masu hankali. Lamba 387 ta yabi abin da ta kira tsattsarkar kafiya da tsattsarkan tilastawa. Masu kare shi suna cewa a karanta kowace a muhallinta, kuma daga baya ya ƙarfafa mata su yi karatu mai zurfi. Gaskiya ne. Amma littafin da aka tsara shi gutsure-gutsure don a ɗauki layi ɗaya a yi ta tunani a kai, ba shi da bakin cewa an cire maganarsa daga muhalli. Babban malamin tauhidi Hans Urs von Balthasar ya soki littafin a 1963, yana ganin horon ɗabi'a ya fi yawa a cikinsa fiye da zurfin addu'a. Ni ina ganin sukar ta kama Camino, amma ba ta kama wa'azozin baya ba, waɗanda suka fi taushi da nutsuwa.

Sai batun siyasa. A 1957 Janar Franco, shugaban mulkin kama-karya na Sifaniya, ya naɗa mambobin Opus Dei biyu ministoci, Alberto Ullastres a kasuwanci da Mariano Navarro Rubio a kuɗi, su ne kuma suka jagoranci shirin daidaita tattalin arziki na 1959. Ƙungiyar ta ce kowane mamba yana da 'yancin ra'ayinsa, tana nuni da Rafael Calvo Serer, mamba da ya yi adawa da Franco har aka rufe jaridarsa a 1971, shi kuma ya yi gudun hijira. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai abin ya tono wata tambaya da ta shafi koyarwar kanta, ba ƙungiyar kaɗai ba: ministan da ya ƙware, ya zo ofis kan lokaci, ya miƙa aikinsa ga Allah, amma a gwamnatin kama-karya yake, me ya tsarkake? Jakin ban-ruwa ba ya tambayar lambun na wane ne, ko wa zai ci 'ya'yan itacen.

Ba za a ce Escrivá bai taɓa zancen adalci ba. A wa'azozinsa na 1973 ya ce mutum ko al'ummar da ba ta motsawa a gaban wahala da zalunci ta yi nesa da zuciyar Almasihu. Mabiyansa sun buɗe Kwalejin Strathmore a Nairobi a 1961, mai karɓar baƙi da farare da Indiyawa a aji ɗaya tun Kenya ba ta samu 'yanci ba. A Najeriya, inda ƙungiyar ta fara aiki a 1965, su ne suka assasa makarantar koyon kasuwanci ta Legas a 1991, wadda daga ita aka samu Jami'ar Pan-Atlantic. Duk da haka, idan aka auna rubuce-rubucen, abin da suka faɗa a kan yadda ma'aikaci zai yi aikinsa ya ninka abin da suka faɗa a kan abin da mai ba da aiki zai biya. Koyarwar da ke cewa ka yi shiru ka kyautata ƙaramin aikinka don Allah tana da daɗi a bakin mai aikin idan shi ya zaɓe ta. A bakin ubangidansa kuwa tana iya zama wani abu dabam.

Wannan ba hasashe ba ne. Mambobin Opus Dei sun kai kimanin dubu 90, mafi yawansu ma'aurata ne da ke zaune a gidajensu. Akwai marasa aure da ke zaune a cibiyoyin ƙungiyar, cikinsu kuma akwai wani rukuni na mata zalla da aikinsu shi ne girki da wanki da sharar cibiyoyin. Escrivá ya yabi wannan aiki matuƙa, ya ce sana'a ce kamar kowace. A 2021 mata 43 da suka taɓa zama a wannan rukuni a Ajantina da maƙwabtanta suka kai kuka fadar Vatican, suna cewa an ɗauko su suna 'yan mata daga gidajen talakawa da alkawarin karatu, suka yi shekaru suna aiki ba albashi, ana gaya musu hanyar tsarkinsu ke nan. Ƙungiyar ta musanta zargin bautarwa, ta kafa kwamitin sauraron koke. A 2024 masu gabatar da ƙara na tarayya a Ajantina suka nemi alƙali ya tuhumi wasu tsofaffin shugabanninta na ƙasar.

Ana cikin haka, a watan Yulin 2022, Paparoma Francis ya fitar da doka da ta taɓa matsayi na musamman da John Paul na Biyu ya ba ƙungiyar a 1982. Ya mayar da ita ƙarƙashin ofishin da ke kula da limaman coci, ya umarce ta da ta riƙa kai rahoto kowace shekara maimakon bayan shekara biyar, ta sake duba kundin dokokinta, ya kuma ce daga yanzu ba za a ƙara naɗa shugabanta bishop ba. Dalilin da ya bayar shi ne yana so a tafiyar da ita bisa baiwar da aka ba wanda ya kafa ta, fiye da bisa ƙarfin muƙami. Baiwar da takardar ta ambata kuwa ita ce yaɗa kiran tsarki a duniya ta hanyar tsarkake aiki da hidimar iyali da zaman jama'a.